Kambun Sarkin Baka Nomau

A zamanin da birnin Zangarwa ke tsaye da ganuwarsa, tun kafin ƙasa ta cinye shi har a manta inda kasuwarsa take, mutanensa suna da wata al'ada ta yaƙi wadda maƙwabtansu ba su da irinta. Shugaban mayaƙa in ya fita da maza ya baro mafi yawansu a daji, ba a zaginsa, ba a kuma yi masa barka da zuwa. Sai dai babu mai sa hannu a akushi ɗaya da shi har fada ta zauna ta duba yadda aka yi. In an ga ya yi tsayuwar maza, sai a ɗaura masa kambun jan ƙarfe a dantse, a fito da babban tambari a kaɗa taken waɗanda suka faɗi a bayansa ɗaya bayan ɗaya. In ba a ɗaura ba, ba a kaɗawa. Wanda kuwa tambari bai kira ba, a wurin Zangarawa bai mutu a yaƙi ba, ɓata ya yi kamar akuya, kuma 'ya'yansa ba su da bakin magana a dandali har su tsufa.

Kambun nan ba kowa ke ɗaura shi ba. Sai wanda ya bi umarnin mutumin a fagen fama ya dawo da ransa, shi zai tuɓe takalmi ya durƙusa ya ɗaura. Doka ce mai kyau, babu laifi. Illarta guda, magabatan da suka shimfiɗa ta ba su taɓa kawowa a rai za a yi wanda zai komo babu ko mutum ɗaya a bayansa ba. To, ga shi an yi, shi ne Sarkin Baka Nomau, shugaban 'yan kibiya na Sarki Dambo.

Tun ranar da masunta suka kawo shi gida a kan amuku, kansa a ɗaure da tsumma, Nomau ke cin abinci shi kaɗai a zaurensa. Zaure ne babba, an gina shi don taro. A da in an ajiye akushi sai ka ji kamar kasuwa, Duna Bahago na rera waƙa da muryarsa mai kama da ta jaki, Arzika ya zauna ta hagun maigida yana satar tsoka yana rantsuwa bai ga nama ba, Ɓaidu ƙanen Nomau na raba faɗa. Yanzu sai ƙudaje. Matarsa ta ci gaba da cika akushin kamar da, ya ce ta rage, ta ce ta gwada hannunta ya ƙi. Matan mamatan kuwa in sun biyo ta ƙofar sai su ja mayafi su wuce, ba don ƙiyayya ba, don ba su san abin da za su kira shi ba tukuna. Wannan shirun ya fi masa ciwo da kulkin da ya fasa masa kai.

Ga yadda abin ya faru. Sarki Dambo ya kai wa Gumbari yaƙi da farkon damina, duk da manya sun ce a bari ruwa ya ɗauke. Aka gwabza, Gumbarawa suka fi ƙarfi, rundunar Zangarwa ta juyo ana binta har bakin kogi. Kogin ya kawo, babu inda doki zai iya ratsawa sai wuri guda, Mashigin Kada. Nan Madawaki Barmo, shugaban mahaya, ya ce wa Nomau, "Ka tare mana nan da mutanenka har Sarki da dawaki su haye. Da mun taka tudu zan sa a busa ƙaho, ku janye." Nomau ya ce to. Ya jera 'yan bakansa a cikin ciyawar gaɓa, ya ce kada wanda ya saki kibiya sai ya ga farin idon doki.

Ana cikin hayewa sai zuciya ta ɗebi Sarki. Ya juya dokinsa ya zare takobi, ya ce shi ba za a ba da labarin ya nuna wa Gumbari ƙeya ba. Fadawa suka yi tsuru-tsuru, masun Gumbari na ta sauka, babu mai iya tare shi. Nomau ne ya taso daga cikin ciyawa, ya cafke linzamin dokin Sarki, ya daka masa tsawa da sunansa tsirara. "Haye, Dambo! Haye na ce!" Ya zabga wa dokin baka a ɗuwawu, doki ya faɗa ruwa da Sarki a kai.

Daga nan suka tsaya. Tun hantsi suke harbi har rana ta karkata. Kibiyoyi suka ƙare, suka riƙa zaro na jikin gawa suna mayarwa. Su ma suka ƙare, aka koma wuƙa da duwatsu. Duk wanda ya sami sarari sai ya waiga tsallake ya kasa kunne, Nomau na cewa, "Ku daure, yanzu za a busa." Wannan maganar ita ce ta ƙarshe da ya faɗa wa Ɓaidu. Can wani ya sauke masa kulki, ya faɗa kogi, ruwa ya yi gaba da shi.

Ranar da za a zauna shari'ar, gari ya tashi da labarin cewa babban tambari na gumi a ɗakinsa. Sarkin Tambura Cindo, tsohon da ke riƙe da dokokin kambu a ka, ya ce sunaye ne suka yi wa fata nauyi. Mutanen Madawaki suka ce a'a, tambari na ɗokin kaɗa wa ubangidansu ne, tun da shi ma ranar za a ɗaura masa kambun tsamo Sarki daga halaka, har maƙera sun gama ƙera shi. Babu wanda ya tuna damina ake, kuma rufin ɗakin na yoyo. Haka fada take, ko tsaka ta yi kuka sai kowa ya ji tana kiran sunansa.

Aka cika zauren fada. Sarki Dambo na bisa karaga, ya rame, bai dubi kowa ba. Ta damansa yayarsa ce, Magajiya Tarana, wadda ita kaɗai ke iya gaya masa gaskiya ba ta nemi izini ba. Bayan Madawaki mahaya ne har waje, kowanne na jiran a ce zo ka ɗaura. Nomau aka shimfiɗa masa buzu a tsakiya. Ya zauna, ya ji iska na bugun bayansa, don babu kowa a wurin.

Madawaki ya miƙe ya gyara alkyabba. "Allah ya ja zamanin Zaki. Ban tashi don in ci naman ɗan'uwana ba, Sarkin Baka namiji ne, kowa ya sani. Amma jarunta dabam, taurin kai dabam. Da muka haye an busa ƙaho har leɓen mai busa ya fashe. Shi ne ya yi kunnen uwar shegu, don a ce shi kaɗai ya tare Gumbari. Ya zubar da 'ya'yan mutane a kan suna. In aka kaɗa tambari a kan wannan, gobe kowane shugaba sai ya ƙarar da mutanensa ya dawo neman kambu."

Aka ce Nomau ya amsa. Ya miƙe, ko da yake shi ba mutumin magana ba ne. "Ranka ya daɗe, ni baka na iya, ban iya zance ba. Ban ji ƙaho ba. Da na ji, da Ɓaidu na zaune a bayana yanzu. Nono ɗaya muka sha, wane suna zan saya da shi? Ban zo don dantsena ba. Kambu in an ga dama a ɗaura wa turmi. Abin da nake roƙo, a kaɗa taken mutanen nan. Sun tsaya inda aka ce su tsaya, 'ya'yansu na jin kunyar fita dandali."

Magajiya ta gyara zama. "Ni mace ce, ban je yaƙi ba. Amma ranar da kuka dawo na tsaya a ƙofar gari na duba dawakin Madawaki. Duk wanda na ga tabo a jikinsa, a gindi yake. Ban ga na ƙirji ba. Wataƙila dawakin bana da baya suke yaƙi."

Dariya ta so kuɓuce wa wasu, suka haɗiye. Fuskar Madawaki ta yi baƙi ƙirin, fushi ya sa ya fito da abin da ya ɓoye don ranar buƙata. "Tun da abin ya zama haka, a tambaye shi wa ya kama linzamin Sarki a bakin mashigi! Wa ya kira Zaki da sunan yanka a gaban bayi, ya ba shi umarni kamar yaron gidansa? A dokar Zangarwa hannun da ya taɓa linzamin Sarki yanke shi ake yi. Wannan hannun ne za a yi wa ado?"

Kowa ya san zancen, amma tun da aka dawo babu wanda ya furta shi, saboda Sarki da kansa bai furta ba. Nomau ya ɗaga ido ya dubi karaga. Sarki ya sunkuyar da kai yana murza zoben hannunsa. Nomau ya gane Sarki na jin kunyar ranar, kuma yana buƙatar dawakin Madawaki fiye da bakan da babu masu ja. Ya ce a ransa, shi ke nan, Duna da Arzika da Ɓaidu sun ɓata kamar awaki.

Ana haka sai Sarkin Ƙofa ya shigo da hanzari ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ga jakadan Gumbari a waje da jakuna ɗauke da kaya. Aka ce ya shigo. Wani tsoho ne dogo mai ido ɗaya, sunansa Dangali. Ya yi gaisuwa daidai gwargwado, bai rage ba bai ƙara ba. Ya sa aka sauke wasu ɗaurin tabarmi a tsakar fada aka kwance. Bakuna ne, tuli guda, an wanke su an shafe da mai, babu ko ɗaya karyayye.

"Sarkina ya ce a gaishe da Sarkin Zangarwa," in ji Dangali. "Mu a Gumbari, abokin gaba in ya mutu yana gudu, karya bakansa muke mu hura wuta. In ya mutu yana dubanmu, mukan mayar wa gidansu da shi lafiya. Waɗannan na mutanen Mashigin Kada ne. Mun duba su ɗaya ɗaya, ba mu sami na karyawa ba."

Nomau bai san sa'ad da ya rarrafa ya isa wurin ba. Ya ga bakan Duna mai ɗaurin hagu. Ya ga na Ɓaidu da jan zaren da uwarsu ta naɗa masa. Ya ɗora hannu a kai, ya kasa ɗagawa.

Magajiya ta ce, "Jakada, kana wurin ranar?"

"Ina nan, uwar ɗakina. A can na baro idon nan."

"Kun ji an busa ƙaho daga tsallake?"

Tsohon ya yi murmushi mai ɗaci. "Ai mun fi mutanenku son jin ƙahon nan. Mun yi ta kasa kunne, don da an busa da sun janye mun huta. Babu abin da muka ji sai kukan ruwa."

Mahayan da ke bayan Madawaki suka fara kallon ƙafafunsu. Amma jakada bai gama ba. Ya ce rundunar Gumbari na nan bakin kogi, da ruwa ya ja za ta haye, kuma kowa ya san Zangarwa ba ta da sauran 'yan baka da za su tsare ganuwa. Sai dai Sarkin Gumbari zai janye, ya rantse da zaman lafiya, in an ba shi mutum guda, wanda ya shugabanci tsaron mashigi. Kibiyarsa ce ta kashe Yarima, babban ɗan Sarkin Gumbari. Kuma lallai ya bi jakada yau ɗin nan.

Sarki Dambo ya yi magana a karo na farko. "Don ya karrama shi, ko don ya yanka shi?"

"Na tambaya, ranka ya daɗe. Bai gaya mini ba. Ina jin shi ma bai sani ba tukuna."

Manyan fada suka shiga shawara, muryoyi ƙasa ƙasa, kowa na kewaye maganar yana tsoron ya zama na farkon faɗa. Madawaki ne ya yi saurin cewa mutum ɗaya bai kai birni ba, wanda kuwa da ma hannunsa na yanka ne. Nomau ya miƙe, bakan ƙanensa a hannu.

"Ba sai an wahalar da igiya ba, ranka ya daɗe. Da ƙafata zan tafi. Da ma tun ranar ya kamata in kwana a can. Abu ɗaya nake so. A fito da tambari kafin in fita ƙofa."

Duk aka juya ga Sarkin Tambura Cindo. Tsohon ya tashi, hawaye na bin gemunsa. "Wallahi, ɗana, ni na fi kowa so. Taken Duna ni na tsara shi ranar da aka ba shi baka. Amma ba a kaɗawa sai an ɗaura kambu, ba a ɗaurawa sai da wanda ya bi umarninka a fagen fama ya dawo da rai. Jakada abokin gaba ne, bai bi ka ba. In na karya wannan yau, duk waɗanda tambari ya kira tun kakanni na mayar da su abin wasa. Ka nuna mini mutum ɗaya, ko gurgu ne, ko bawa ne."

Nomau ya waiga bayansa, ko da yake ya san abin da zai gani. Buzu ne kawai da ƙasa.

Sai aka ji karaga ta motsa. Sarki Dambo ya miƙe tsaye, fada duka ta zube.

"Madawaki ya tuna mana da zancen linzami," in ji Sarki, "ya kuwa kyauta, don ni so na yi a manta. A bakin Mashigin Kada wannan mutum ya ba ni umarni. Ya ce haye, na haye. Masun Gumbari na sauka, kowa na gani. Ga ni kuma da raina. Sarkin Tambura, akwai inda magabata suka ce ban da sarki?"

Cindo ya girgiza kai. "Babu, Zaki. Amma mai ɗaurawa durƙusawa yake."

"Na sani. A kawo kambun."

Kambu ɗaya ne a fada ranar, wanda aka ƙera don Madawaki. Shi aka ɗauko a kan faifai, aka wuce da shi ta gaban mai shi. Sarki ya tuɓe takalmansa, ya sauko, ya taka ƙasa da ƙafar da ba ta san ƙasa ba, ya durƙusa gaban shugaban 'yan baka. Wasu fadawa suka rufe fuska. Ya ɗaura kambun a hannun nan na dama da ya kama linzami, ya ja igiyar da kyau. Yana ɗaurewa ya ce a hankali, yadda su biyu kaɗai za su ji, "Zan iya durƙusa maka, Nomau. Hana su kai ne ba zan iya ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Tashi, mutane na kallo."

Da Sarki ya koma karaga, ya ce a je gidan Madawaki a ɗauko ƙahon yaƙi a kawo fada, tun da ya yi wa mai shi nauyi. Bai ƙara ko kalma a kan Barmo ba, ba a kuwa buƙaci ƙari ba. Mahayan da suka cika bayansa suka riƙa zamewa ɗaya ɗaya.

Labari ya riga Nomau isa unguwa. Maƙwabta suka cika zaurensa, matarsa ta ɗora tukunya, kowa na son ya zama na farkon sa hannu a akushinsa. Amma jakada ya ce hanya da nisa, in ya makara runduna za ta ɗauka an ƙi. Nomau ya tsaya a ƙofar gida kawai, ya ba matarsa bakan Ɓaidu ya ce ta kai wa tsohuwarsu, ya ce mutane su ci abincin kada ya lalace. A hanyar ƙofar gari matan mamata sun jeru, kowace rungume da bakan mijinta. Matar Duna, wadda tun dawowarsa ba ta dube shi ba, ta durƙusa ta ce, "A sauka lafiya, Sarkin Baka." Yana sa ƙafa waje tambari ya tashi.

Suka yi ta tafiya, tsoho a kan jaki, Nomau a ƙasa, tambari na biye da su ta kan gonaki. Ba a jin muryar mai kiran suna daga nesa, amma shi bai buƙata ba, ya san taken kowa. Da rana ta yi sanyi suka tsaya gindin wata tsamiya. Dangali ya kwance ƙwarya, dambu ne da soyayyen nama, ya tura ta tsakaninsu.

"Matso ka sa hannu. Mu a Gumbari ba mu iya ci mutum na kallo ba."

Nomau ya dubi ƙwaryar, ya dubi tsohon da mutanensa suka tsiyaye wa ido, wanda bai ma san nauyin tayin da ya yi masa ba. Ya ɗaga hannu alamar a dakata. Can nesa, da kyar iska ke kawowa, aka kaɗa wani take gajere mai tsalle, irin na yaron da ba ya zama wuri ɗaya. Na Ɓaidu ne. Ya saurara har ya ƙare, ya ƙara saurarawa, ba a sake kaɗa wani ba.

Sannan ya wanke hannu ya matso. Ya ɗebi loma, ya tsinci wata tsoka mai kyau, ya tura ta gefen ƙwarya ta hagunsa, gefen da Arzika ya saba zama.